Tambaya a kan Afterlife: shin dawo da Hex bai zubar da darajar makokin Ace ba?

Baban Amira:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ra'ayin waɗanda suka riga ni nisa wajen sauraron wasannin kwaikwayon Doctor Who na murya, waɗanda kamfanin Big Finish na Birtaniya yake fitarwa tun 1999. Doctor Who asalinsa shirin talabijin ne na BBC a kan Dakta, matafiyi cikin zamani da yake sauya jiki da kama lokaci zuwa lokaci, shi ya sa ake cewa Dakta na biyar, na shida, na bakwai. Tun da wuri ina faɗakar da wanda bai saurara ba cewa babu yadda za a yi wannan magana ba tare da an tona ƙarshen wasu labarai ba.

Wasan da ya tsaya mini a rai shi ne Afterlife, wanda Matt Fitton ya rubuta, ya kuma fito a watan Disamba na 2013. Ya ɗora ne daga inda Gods and Monsters na 2012 ya tsaya, bayan Hex, matashin nan ma'aikacin jinya da ya shiga tafiya da Dakta na bakwai da abokiyar tafiyarsa Ace tun 2004, ya sadaukar da ransa domin ya raba su da sharrin Fenric, wani tsohon mugun halitta mai iko da ya daɗe yana gaba da Dakta. Kashin farko daga cikin huɗun kusan babu kowa a cikinsa sai Dakta da Ace a cikin TARDIS, jirgin da yake kai su kowane zamani da kowace duniya. Ace tana fama da baƙin ciki da fushi, shi kuwa Dakta, wanda ya saba kayar da azzalumai da fatar baki kawai, ya rasa kalma ɗaya da za ta shiga kunnenta. A ƙarshe ta tilasta masa ya tafi Liverpool da ƙafarsa ya sanar da Hilda, kakar da ta raini Hex, cewa jikanta ba zai dawo ba. Ban taɓa jin Sylvester McCoy da Sophie Aldred, masu fitowa a matsayin Dakta da Ace, sun yi wasa mai nauyi irin wannan ba.

To, labarin bai yi nisa ba sai ga wani mai gidan rawa a Liverpool ɗin, ana kiransa Hector Thomas, kamarsa ɗaya da Hex, amma bai san Ace ba, bai kuma san Dakta ba. Daga baya ta tabbata shi ɗin ne, an dawo da shi duniya bayan an kwashe masa duk abin da ya sani game da kansa.

Tambayoyina biyu ne. Mutumin da yake da jirgin komawa jiya, me ya hana shi komawa ya ceci abokin tafiyarsa tun kafin abin ya faru? Sannan idan dama marubutan sun ƙudurta dawo da Hex, ashe ba su yi wasa da hankalinmu ba da suka sa muka zauna makoki tare da Ace?

Mai Akwatin Rediyo:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Tambayarka ta farko ta girmi Big Finish ɗin kansa, domin tun a talabijin aka yi ta. A 1982, cikin labarin Earthshock, Adric, yaron nan mai ƙwaƙwalwar lissafi da ke tafiya da Dakta na biyar, ya mutu a cikin wani jirgin dakon kaya da ya faɗo duniya shekaru miliyan 65 da suka wuce. BBC ta ɗauki mutuwar da muhimmanci har ta nuna sunayen 'yan wasa ba tare da kiɗan da aka saba rufe shirin da shi ba. A labarin da ya biyo baya, Time-Flight, sauran abokan tafiyarsa, Tegan da Nyssa, suka roƙi Dakta ya koma ya ɗauko shi, ya ƙi, ya ce akwai ƙa'idojin da ko da TARDIS ba a karya su. Abin takaicin shi ne cikin 'yan mintoci sun sauka a filin jirgin saman Heathrow suna neman wani jirgin Concorde da ya ɓata, kamar ba su ne aka yi wa rasuwa ba. A 2005 kuma aka nuna abin da karya ƙa'idar yake jawowa: a Father's Day, Rose, abokiyar tafiyar Dakta na tara, ta koma 1987 ta janye mahaifinta daga gaban motar da za ta kashe shi, zamani ya tsage, kuma bai ɗinke ba sai da uban ya koma gaban motar da kansa. Wato a cikin labarin, dalilin shi ne mutum ba ya komawa ya sauya abin da shi kansa yake ciki lokacin da ya faru. A wajen labarin kuwa, kowa ya san cewa ranar da aka bar Dakta ya riƙa warware mutuwa da murɗa makulli, babu wani haɗari da zai sake tayar wa mai sauraro hankali.

Amma ni a fahimtata, rashin komawar ba shi ne tushen fushin Ace ba. Tushensa halin Dakta na bakwai ne, wanda ya fi duk sauran iya shirya dabara a ɓoye da juya mutanensa ba tare da saninsu ba, kuma Ace ta ɗanɗani wannan tun tana budurwa. A Ghost Light na 1989 ya kai ta wani gida a Perivale a shekarar 1883 bai gaya mata inda suke ba, alhali ya san gidan ne za ta cinna wa wuta bayan shekara ɗari saboda firgicin da ta ji a cikinsa. A The Curse of Fenric, a shekarar dai, ya tsaya a gabanta ya ce wa Fenric ya kashe ta, ya ci mata mutunci da gangan domin yardar da ta yi da shi ta rushe, saboda yardar ce take tare hanyar halaka Fenric. Ya yi nasara, ya ba ta haƙuri, ta yafe. To, wannan Fenric ɗin ne ya dawo a Gods and Monsters, wasan dabarun da aka sake bugawa da shi kuma ya ci ran Hex. Saboda haka abin da Ace take tambaya a cikin TARDIS shi ne ko Dakta ya taɓa ɗaukarsu mutane, ko kuwa 'ya'yan dara ne da yake turawa.

Akwai kuma wani bashi da wanda ya fara daga tsakiya ba zai sani ba. Mahaifiyar Hex, Cassie, ta haɗu da Dakta na shida da abokiyar tafiyarsa Evelyn Smythe a Project: Twilight na 2001, aka mayar da ita cikin masu shan jinin mutane, Dakta ya yi alkawarin nemo mata magani, ya makara, aka kashe ta a Project: Lazarus na 2003. Da ɗanta ya girma ya shiga TARDIS, Dakta ya gane ko ɗan wane ne, ya ja bakinsa ya yi shiru, sai a Project: Destiny na 2010 Hex ya ji gaskiya. Ke nan gida ɗaya ya yi asarar uwa da ɗa, dukansu bayan haɗuwa da mutum ɗaya. Mu ma a wajenmu, wanda aka damƙa wa amanar yaro ya yi tafiya da shi, idan ta Allah ta kasance, shi ne yake komawa ya durƙusa gaban iyaye ya faɗa da bakinsa, ba ya aika ɗan saƙo. Dakta kuwa ya saba da zarar ƙura ta lafa ya shige jirginsa ya bar wa wasu binne gawa da share hawaye. Abin da Fitton ya yi shi ne ya hana shi wannan gudun sau ɗaya, ya zaunar da shi a gaban tsohuwa, wadda Jean Boht ta fito a matsayinta, inda babu dodo, babu dabarar da za ta fisshe shi. Ko da sauran kashi ukun ba su kai na farkon ba, wannan kaɗai ya isa a saurari wasan.

Maman Hanifa:

Malam Mai Akwatin Rediyo, bayaninka ya gamsar a kan tambaya ta farko, amma ka kewaye ta biyun, ita ce kuwa mai wuyar. Ni ina tare da Baban Amira, har ma na fi shi zafi. Idan aka ce Dakta ba zai iya komawa ya ceci Hex ba saboda ƙa'ida, sannan marubuci ya zagaya ta bayan gida ya dawo da shi ta hannun wasu tsofaffin halittu masu iko, to sunan ƙa'idar kawai aka kiyaye, amfaninta ya tafi. Mai sauraro bai damu da ta wace ƙofa mamacin ya shigo ba. Abin da ya koya shi ne a wannan duniyar tasu mutuwa tana da makwana biyu, gobe kuma idan aka kashe wani ba zai yarda ya ba da zuciyarsa ba.

Kamfanin nan ya san yadda ake yin abin da kyau, shi ya sa nake ƙin yi masa uzuri. A To the Death na 2011, wanda Nicholas Briggs ya rubuta, Lucie Miller, abokiyar tafiyar Dakta na takwas, yarinyar Blackpool mai tsiwa da Sheridan Smith take fitowa a matsayinta, ta mutu wajen yaƙar Dalek, tsofaffin maƙiyan Dakta, da suka mamaye duniya. A wasan dai aka kashe Tamsin, wadda ita ma ta taɓa tafiya da shi, aka kashe Alex, ɗan Susan, ita Susan ɗin kuwa jikar Dakta ce da aka fara shirin da ita a 1963. Ba a tashi ko ɗayansu ba. Da aka so sake jin muryar Lucie a 2019, sai aka rubuta labaran da suka faru kafin mutuwarta, aka bar kabarinta a rufe. Saboda an bar shi a rufe ne abin da ya biyo baya ya yi nauyi. Dakta na takwas ya shiga Dark Eyes na 2012 a karye, yana neman abin da zai sa rai da shi. Susan kuma, a ɗan gajeren labarin nan All Hands on Deck na 2017, tana zaune ita kaɗai bayan rasa ɗanta, kakanta yana ta ƙirƙiro abubuwan da za su ɗauke mata hankali daga kiran da mutanensu suke yi mata na shiga Yaƙin Zamani, babban yaƙinsu da Dalek, ita kuwa ta amsa kiran duk da haka. Wannan ita ce macen da rashi ya sauya wa hanya, ba a mayar mata da abin da ta rasa ba, sai ta zama wata daban.

Ace fa? Kashi ɗaya aka ba ta na makoki, kafin hawayenta ya bushe an miƙo mata Hector. Da aka kai Signs and Wonders na 2014 kuwa, Hex ya dawo cikin hayyacinsa, ya sauka daga TARDIS lafiya lau, ya yi zamansa da Sally Morgan, wata soja da suka taɓa tafiya tare. Ba na ƙin mutum ya samu kyakkyawan ƙarshe, kuma na san jerin da ake fitarwa wata-wata, wanda ya kai wasa 275 kafin a rufe shi a 2021, da wuya ya saki ɗan wasan da masu saye suke ƙauna. Amma idan haka ne, da ba a kashe shi ba tun farko. Wadda ta fi ba ni tausayi ma ita ce Hilda, da aka sa ta ji mutuwar jikanta daga bakin mutumin da ya tafi da shi, domin kawai Dakta ya koyi darasi.

Ɗan Autan Inna:

Maman Hanifa, ina ganin girman hujjarki, kuma a kan Signs and Wonders ba zan yi jayayya da ke ba. Sai dai Baban Amira a kan Afterlife ya yi tambaya, ni kuwa a ganina Hector ba sassauci ba ne aka yi wa Ace, ƙarin azaba ne, kuma irin azabar da sai a wasan murya take cika.

Ku duba yadda muke sanin mutum a irin wannan wasa. Ba mu ganin fuska, ba mu ganin tufafi ko tafiya. Shekara takwas duk abin da muka mallaka na Hex shi ne muryar Philip Olivier, mai fitowa a matsayinsa, da karin harshensa na mutanen Liverpool. Da a talabijin ne, za a sauya wa Hector sutura da aski da kallo, ido ya yi ta tuna mana cewa wannan wani ne. A kunne babu wannan kariya. Da zarar ya buɗe baki, zuciyar mai sauraro ta riga ta ce ga Hex, sannan maganar da ta fito ta ƙaryata ta, haka kuma za a yi ta yi a kowace jimla. Halin da Ace take ciki ke nan daidai. Hex ya tafi ba gawa ba kabari, babu inda za ta je ta tsaya ta yarda cewa ya ƙare, sai ga muryarsa a bakin mutumin da ba ya jinyar kowa, bai kuma san abin da suka sha tare ba, ciki har da son da Hex ya daɗe yana yi mata bai samu amsa ba. Duk wanda ya zauna da tsohon da mantuwa ta cinye, yana kallonka da idon da ka sani yana tambayar ko kai wane ne, ya san cewa wannan ba dawowa ba ce. Kuma ba a warware matsalar a wasan ba, domin Hector ya bi su a matsayin Hector, aka yi Revenge of the Swarm da Mask of Tragedy da shi a haka.

Idan kuma ana son jin yadda Big Finish ya yi makokin abokiyar tafiya ba tare da ta da mamaci ba, to a koma wajen Evelyn Smythe da Malam ya ambata, malamar tarihi a jami'a mai shekara 55, wadda marigayiya Maggie Stables ta fito a matsayinta tun The Marian Conspiracy na 2000. A Doctor Who and the Pirates na 2003, na Jacqueline Rayner, Evelyn ce take ba wata ɗalibarta labarin 'yan fashin teku, tana ta cusa barkwanci, har aka mayar da kashi guda na waƙe-waƙe, duk domin ta kauce wa isa wurin da wani yaron jirgi mai suna Jem ya mutu. Mai sauraro yana jin yadda labarin yake karkacewa duk lokacin da ya doshi wurin, tun kafin a gaya masa dalili. Wannan ma dabara ce da ta dogara ga murya, domin mai ba da labarin ita ce take riƙe da duk abin da za mu iya sani.

Bayan mutuwar Cassie kuma sai Arrangements for War na 2004, wanda Paul Sutton ya rubuta. Evelyn ta kasa jure yadda Dakta na shida ya shanye abin ya ci gaba da harkarsa, ta nemi ya ba ta wuri, suka sauka a duniyar Világ kowa ya kama gabansa, tana kuma ɓoye masa ciwon zuciyar da take fama da shi. Abin da ya sa nake fifita wannan wasa shi ne juyin da ya yi a ƙarshe, wanda yake amsa tambayar Baban Amira ta farko fiye da kowace ƙa'ida. Wasu matasa biyu masoya da Dakta ya shaƙu da su suka mutu a yaƙi, sai ga shi shi ne yake neman komawa baya ya sauya abin da ya faru, Evelyn kuma, wadda take zarginsa da rashin tausayi, ita ce ta hana shi. A nan ta gane cewa shirun nasa ba rashin ji ba ne. Mutum ne da makullin komawa jiya yake aljihunsa kullum, kuma kowace rasuwa sai ya sake hana kansa amfani da shi.

Baban Amira:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maganar murya da Ɗan Autan Inna ya kawo ta sa zan sake sauraron kashi na biyu zuwa na huɗu da wani kunnen, ko da yake har yanzu ina ganin Maman Hanifa ta fi gaskiya a kan Hilda. Labaran Evelyn da Cassie kuwa ban saurare su ba. Malam Mai Akwatin Rediyo, da wanne ya kamata in fara, kuma akwai inda Evelyn ta san cewa ɗan Cassie ya rayu?

Mai Akwatin Rediyo:

Akwai, kuma yana daga cikin wuraren da Dakta na bakwai ya yi abin kirki ba tare da wata dabara a bayansa ba. A Thicker than Water na 2005, bayan Evelyn ta bar tafiya ta auri Rossiter, wani shugaba a Világ, Dakta ya ziyarce ta a asibiti ya gaya mata cewa yaron da Cassie ta bari ya girma, ya zama ma'aikacin jinya, yana kuma tafiya tare da shi. Ka lura dai cewa Evelyn ya gaya wa, shi Hex ɗin bai gaya masa ba, wanda hakan yake ƙara wa hujjar Ace ƙarfi.

Ka fara da Project: Twilight, sai Doctor Who and the Pirates, sai Project: Lazarus, sai Arrangements for War, sannan Thicker than Water. Daga nan ka tsallaka zuwa Project: Destiny, ka bi shi nan take da A Death in the Family na 2010, wanda Steven Hall ya rubuta. A cikinsa Dakta ne yake mutuwa, Ace ta rage ita kaɗai a Landan tana ƙin yarda, tana neman hanyar dawo da shi har abin ya ci zaman da ta fara ginawa da wani mutumin kirki mai suna Henry Noone, Hex kuma ya haɗu da Evelyn a ƙarshen rayuwarta. Maman Hanifa za ta ce a nan ma an ta da mamaci, kuma gaskiyarta ce, sai dai wannan karon an biya kuɗin, domin Evelyn ce ta tafi ba ta dawo ba. Kada ka saurare shi kafin na Cassie, don rabin abin da Evelyn da Hex suke faɗa wa juna zai wuce ka.